Ƙwarin da Ke Yi Mana Gadin Gona

Jama'a, yau zancenmu a kan ƙwari ne. Mun saba duk ƙwaron da muka gani a gona sai mu ce maƙiyi ne. To, ba haka ba ne. Akwai masu cin amfaninmu, akwai kuma masu cin maɓarnatan.

Mu fara da wanda kowa ya sani, watau zanzaro. Kun ga yadda yake gina ɗakinsa na laka a jikin bango. Idan kuka fasa ɗakin, me za ku tarar? Tsutsotsi, a sanƙare. Daga gona ya ɗauko su. Harbinsu ya yi suka suma, ya saka ƙwai a wurin, domin ɗansa in ya ƙyanƙyashe ya sami abinci. Muna yara an gaya mana wai tsutsar ce ke rikiɗa ta zama zanzaro. A'a, cinye ta ake yi. Rina ma farautar tsutsa take yi, ko da yake ba mu manta zafin harbinta ba. Haka kuma ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi a baya, darɓar dawa da auduga ce abincinsa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, a ƙasar Nijar, sun mai da wannan sani aiki. Wata tsutsa tana cinye musu zangarniyar gero. Daga shekara ta 2006 sai masanan aikin gona na can suka riƙa kiwon wani ɗan ƙanen zanzaro, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sukan zuba tsabar gero da tsutsotsi a 'yar jakar algarara, su sa mata biyu a ciki. Idan gero ya fara fid da kai, sai a rataya jaka 15 a gonakin ƙauye. 'Ya'yan su fito ta ƙofofin saƙar, su bazu, su bi tsutsar har cikin zangarniya.

To, mu dawo gida. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa masara ce ƙarfinmu. Tun 2016 wata baƙuwar tsutsa daga ƙasashen Amurka ta shigo Nijeriya, tana shiga can cikin zuciyar masara ta ɓuya. Mutum ya sayi magani da tsada, ya feshe gona duka. Tsutsar tana ɓoye, maganin bai kai gare ta sosai ba. Masu farautarta kuwa suna fili, su ne ke fara mutuwa. Bayan 'yan kwanaki ɓarna ta dawo, kuɗi sun tafi, masu gadi babu.

Ba mu ce kada a yi feshi ba. Amma kafin ku ɗauki famfo, ku zaga gona da sassafe, ku buɗa ganye, ku duba wane ne ke cin wane. In ɓarnar a gefe guda take, ku fesa nan kaɗai, a cikin zuciyar masarar. Ƙwaron da ba ku gane ba kuwa, ku sa shi a kwalba ku zo da shi aji, mu nuna wa malamin gona.