Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Jawabi A Kan Sankarar Dubura



Mun sani maganar da muka zo da ita yau ba ta cikin waɗanda ake yi a bainar jama'a. Bahaushe ya fi son ya ce "ciki ne" ko "basir ne", ya ja bakinsa. To, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da aka sa a makaranta, mu ake miƙa wa takardar asibiti a gida, a ce, "Karanta mana, me likita ya ce?" Idan takardar ta ce sankarar dubura ce, me za mu gaya wa Baba ko Yaya?

Dubura ita ce ƙarshen babban hanji, tsawonta kamar santimita 12 zuwa 15. Sankararta takan bayyana da jini a bayan gida, ko mutum ya riƙa jin bai gama ba alhali ya gama, ko gudawa da taurin ciki su riƙa karɓa-karɓa, sannan rama. Duk waɗannan, mai maganin basir na bakin tasha ya riga ya lissafa su da lasifika, a nan kuwa ake asarar watanni. Haƙiƙa yawancin jinin basir ɗin ne, amma ba a rarrabewa sai likita ya duba, ya zura na'urar leƙen hanji, ya tsinko 'yar tsoka ya aika ɗakin gwaji.

Ranar da aka faɗi sakamako, majinyaci ba ya jin komai bayan kalmar "sankara". Saboda haka kada mu bar shi ya shiga shi kaɗai. Mu shiga da takarda da alƙalami, mu tambaya: a wane mataki take cikin huɗun? Ta kai hanta ko huhu? Yaya nisanta da mafita? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke nuna irin aikin da za a yi. Idan saurayi ne ko matashiya, a yi maganar haihuwa tun kafin a fara, domin gashin ƙugu da na'ura yana iya taɓa ta.

Sau da yawa gashin ake fara yi tare da ƙwayoyin magani, mako biyar zuwa shida, ko kuwa gajere na kwana biyar, a huta, sannan tiyata. Gajiya da gudawa da ɗaɗewar yatsu na iya biyo baya. A gaya wa likita. Kada a tsayar da magani a ɓoye.

Inda muke so mu daɗe shi ne batun jaka. Wani lokaci likita yakan fito da bakin hanji ta fatar ciki, a manna jaka ta riƙa tara bayan gida. Da jin haka wasu kan naɗe tabarma su koma ƙauye, su ce gara mutuwa da wannan wulaƙanci, ba a sake ganinsu sai ciwo ya toshe hanji. A ganinmu wannan gudun ya fi ciwon kansa ɓarna, kuma rashin bayani ne ke jawo shi. A 1908, lokacin da Ernest Miles na Ingila ya bayyana aikinsa, cire duburar ake yi gaba ɗaya har da mafita, jaka kuwa ta zama ta har abada. Amma tun 1982, da Bill Heald, shi ma a Ingila, ya nuna yadda ake ɗauke dubura tare da kitsen da ke kewaye da ita a dunƙule, dawowar ciwo a wurin ta ragu ƙwarai. Yanzu mutane da yawa jakarsu ta 'yan watanni ce, ɗinki ya warke a mayar da hanji. Wanda tasa ta zama ta dindindin, shi ma yana zuwa ofis da kasuwa, babbar riga ta rufe, ba mai sani.

"To, salla fa?" Wannan ita ce tambayar da dattijo ba zai yi wa likita ba, mu zai yi wa, da murya ƙasa-ƙasa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke hukuncin mai yoyo: a mazhabar Malikiyya, abin da ke fita ba da ikon mutum ba, in ya lizimce shi yawancin lokaci, ba ya karya alwala. Mu kai shi gaban malamin da ya yarda da shi ya ji da kunnensa, tun kafin ranar aiki.

Sai kuɗi. Gashi da magani da jakunkuna ba na albashin mutum ɗaya ba ne, ga tafiya Shika ko Abuja, ga masauki. Gara a tara dangi tun farko, a sa mutum ɗaya mai amana ya riƙe lissafi, da a sayar da gona a hannun masu alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai. In an taru kuma, a sanar da 'ya'yan majinyaci da waɗanda suke ciki ɗaya da shi cewa su ma za a leƙa hanjinsu, daga shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano nasa, duk wanda ya riga zuwa.