Likitan Nesa: Wa Ya Tantance Shi, Kuma Me Aka Yarje Masa?



A yau mara lafiya yana iya zama a asibitin garinsu, likita kuwa yana Ibadan ko Zariya, ya duba shi ta waya ko ta kwamfuta, ya karanta hoton ƙirjinsa, har ya rubuta masa magani. Wannan ci gaba ne babba, amma wanda ba a gani ido da ido yana da saukin yin sojan gona. Saboda haka wajibi ne kowane asibiti ya bi matakai biyu kafin ya danƙa majinyatansa a hannun likitan nesa.

Na farko shi ne tantancewa. Asibiti zai bincika takardun shaidar karatun likitan daga makarantar da ta bayar da su, ba daga hannunsa kaɗai ba. Zai kuma tabbatar sunansa yana cikin rajistar Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda asalinta ya faro a 1963, kuma ya sabunta lasisinsa, domin na shekara guda ne.

Na biyu shi ne iyakance aiki, watau asibiti ya rubuta filla-filla abin da ya yarje wa likitan ya yi. Wanda ya ƙware a karanta hoton ƙashi ba shi ne zai tsara wa mai ciwon zuciya magani ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To, ƙaramin asibiti da ba shi da ma'aikatan wannan bincike fa? A Amurka, tun 2011, gwamnatin tarayya ta yarda ƙaramin asibiti ya dogara da tantancewar da asibitin da likitan yake aiki ya riga ya yi, muddin akwai rubutacciyar yarjejeniya, kuma ƙaramin yana aika rahoton duk wani kuskure ko ƙorafi. Amma alhakin majinyaci yana nan a wuyan asibitin da ya kwantar da shi.

Ku kuma jama'a, kada ku ji nauyin tambaya. Ku nemi cikakken sunan likita da lambar rajistarsa da asibitin da ya tsaya masa. Likitan gaske ba ya fushi da wannan tambaya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.