Kafin ka soke kwangila, ka duba wa'adin gyara

Yau maganar takarda za mu yi. Kar ku tsallake, kuɗinku ne a ciki.

Matasanmu da yawa yanzu suna karɓar kwangila: mai kai abinci ofis, mai saka sola, mai buga riguna. Ana sa hannu, ana ɗaukar hoto, amma kaɗan ne ke karanta sashen da ya ce me za a yi in wani ya saɓa.

Ga yadda abin yake. Yarjejeniyoyin kasuwanci da yawa ba su ba ka damar sokewa kai tsaye don abokin hulɗarka ya gaza ba. Sai ka fara aika masa takardar gargaɗi, ka faɗi ainihin abin da ya saɓa, ka ba shi wa'adin gyara, kwana 7 ne, 14 ko 30, gwargwadon abin da kuka rubuta. In ya gyara cikin wa'adin, shi ke nan, aiki ya ci gaba. Har manyan ayyukan gini haka suke: a tsarin kwangilar FIDIC na 1999, a yawancin laifuka sai mai aiki ya ba ɗan kwangila sanarwar kwana 14 kafin ya sallame shi.

A ce kin ba tela ɗinkin yunifom 200, ranar kawowa ta wuce. Ranki ya ɓaci, kika kwashe yadinki kika kai wa wani. To in takardarku ta ce a ba shi kwana 14 kuma ba ki ba shi ba, a gaban alƙali ana iya cewa ke ce kika karya yarjejeniya, har ki biya diyya. Shi ya makara fa, amma ke za ki biya.

Sannan hanyar aika gargaɗin ma tana da nata sharaɗi. In an rubuta a kai wasiƙa adireshin kamfani, saƙon murya a WhatsApp ba lalle ya wadatar ba. Ku kuma duba ko ranakun aiki ake ƙirgawa ko har da Asabar da Lahadi, da ranar da ƙirgen zai fara: ranar aikawa ce ko ranar karɓa.

In kai aka aiko wa gargaɗin, kar ka yi shiru don fushi. Ka amsa a rubuce, ka gyara abin da za ka iya, ka ajiye shaida. In kuɗin da yawa, ka nuna wa lauya tun wa'adin bai cika ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.