Amana Tsakanin Majinyaci da Likitansa: Jawabi ga 'Yan Gagarawa Tasha Mazauna Birane



Da wuya a sami wani a cikinmu, mazauna Kano, Kaduna ko Abuja, da ba a taɓa aiko masa daga gida ba cewa wane ya daina barci, ko wance ta daina magana tun da ta haihu. Mu ake nema, domin mu muka san hanyar asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau. Muna biyan kuɗin mota da na magani. To amma akwai sashen jinyar da ba a sayensa a kemis, wato zaman da likita yake yi da majinyaci yana sauraronsa, su warware damuwar tare.

Masana sun daɗe suna bincike a kan abin da ke sa wannan zama ya yi amfani. A 1979 wani Ba'amurke, Edward Bordin, ya ce sai mutanen biyu sun yarda da inda suka dosa, sun yarda da hanyar da za a bi, kuma akwai shaƙuwa a tsakaninsu. A 2018 aka tattara nazarce-nazarce kusan 300, na majinyata sama da 30,000, aka ga cewa inda amanar ta yi ƙarfi, sauƙi ya fi samuwa, ko da wace irin dabara likitan ya yi aiki. Dalilin a fili yake. Wanda ya amince da likita zai faɗi abin da ke cin ransa, zai sha magani yadda aka ce, zai kuma komo ranar da aka sa masa.

Mu a Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo, a Aro ta Abeokuta, ya zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, don kada a raba su da waɗanda suka saba da su.

Sai dai dangi kan gyara, kan kuma ɓata. Akan shiga ɗakin likita da mace tare da yayan mijinta, a yi mata tambaya shi ya amsa. Ina 'yar Gumel ko Sule Tankarkar za ta buɗe baki ta faɗi zaman aurenta a gaban surukinta? Kunya ba za ta bari ba. Ta fito, kafin la'asar labarinta ya zaga unguwa. Wani kuma ana ganin mako biyu ba sauƙi sai a ɗauke shi zuwa wani likitan, ya sake ba da labarinsa tun daga farko ga wanda bai sani ba, har ya gaji ya yi shiru.

Saboda haka muna roƙon duk wanda ya raka majinyaci ya faɗi abin da ya sani, sannan ya fita ya jira a waje. Kada a tambaye shi me ya gaya wa likita. Muna kuma ba kwamitin jin ƙai na ƙungiya shawarar ya ware wani abu don kuɗin motar komawa asibiti, domin galibi a nan jinyar mutanenmu take yankewa, musamman da damina, lokacin da kowa yana gona.