Ciwon Baya Mai Daɗewa a Zamfara: Dalilin da Ya Sa Ƙwaya Kaɗai Ba Ta Isa



Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko a babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, ya san majinyacin da zan yi magana a kansa. Manomi ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a duƙe kan fartanya, ko ɗan kabu-kabun da ramukan hanya suka gama jijjige wa ƙugu, ko uwargidan da daka da ɗiban ruwa da goyo suka tarar wa a gadon baya. Zai shigo dafe da ƙugu, ƙullin ƙwayoyin kemis a aljihu, tabon ƙahon wanzami a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, za su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu lalurar da ta kai shi hana mutane aiki. Matsayin wannan takarda shi ne, idan ciwon ya wuce wata uku, kula da tunanin majinyaci da tsoronsa sashe ne na magani, kuma wurinsa shi ne asibitin matakin farko.

Dalili na farko yana cikin yadda zafi yake aiki. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon baya ba a gano masa wata takamaimiyar cuta. Hoton na'ura ma yana yaudara: nazarin da aka buga a 2015 ya nuna alamar lalacewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80, alhali dukansu ba sa jin ciwon baya. Tun 1965 masana Melzack da Wall suka bayyana cewa laka da ƙwaƙwalwa suna iya ƙara saƙon zafi ko su rage shi. Mutumin da aka ce masa bayansa ya gama lalacewa, ko ya sa a ransa cewa sammu ne, sai ya daina motsi don tsoro. Jiki ya sandare, barci ya ƙaurace, zafi ya ƙaru, tsoro ya sake ƙaruwa. A jihar da 'yan bindiga suka raba dubban mutane da gonakinsu, fargaba ba baƙuwa ba ce, kuma jikin da ke kwana da ita ba ya saki.

Hanyoyi biyu aka fi gwadawa wajen magance wannan tsoro. Ɗaya ita ce gyaran tunani da ɗabi'a: a zauna da majinyaci a tantance abin da yake tsoro, a raba gaskiya da zato, a mayar da shi bakin aiki sannu a hankali. Ɗayar ita ce horon tattara hankali, wanda Jon Kabat-Zinn ya tsara a Jami'ar Masacuset a 1979, inda mutum ke koyon lura da numfashinsa da zafin jikinsa ba tare da ya firgita ko ya yi kokawa da shi ba. A 2016 Daniel Cherkin da abokan aikinsa suka gwada su a kan mutum 342 a Amurka, zama takwas, ɗaya a kowane mako. Bayan mako 26, wajen kashi 60 na masu tattara hankali da kashi 58 na masu gyaran tunani sun samu sauƙin gudanar da harkokinsu, a kan kashi 44 na waɗanda aka bari da kulawar yau da kullum. Tazarar ba ta mu'ujiza ba ce, kuma bai kamata a sayar da ita haka ba. Sai dai a auna ta da abin da ke hannunmu yanzu, wato tiramadol mai kama mutum, da ƙwayoyin kashe zafi da ake sha shekara da shekaru har su ɓarke gyambon ciki ko su taɓa ƙoda. A ƙa'idojinta na Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan ilimantarwa da motsa jiki da gyaran tunani, ta kuma hana dogaro da dangin tiramadol.

Za a ce mini, ai wannan faɗa wa mai ciwo ne cewa ƙarya yake yi, ko kansa ya taɓu. Wannan suka tana da nauyi, domin a wurinmu tura mutum asibitin masu taɓin hankali na Kware ba ƙaramar magana ba ce. Amsar ita ce zafin gaskiya ne, kuma dole ma'aikaci ya fara da faɗin haka. Haka nan ba a fara wannan hanya sai likita ya duba: zazzaɓi da rama, tsohon tari, mutuwar ƙafa, kasa riƙe fitsari, faɗuwa daga babur, duk alamu ne na tarin fuka a ƙashin baya ko karaya ko daji ko matsewar jijiya, waɗanda zaman nasiha ba ya warkarwa.

Za a kuma ce tattara hankali daga addinin Buda aka samo shi. Gaskiya ne daga can Kabat-Zinn ya ɗauko dabarar, ya cire mata ibada. Amma al'ummar da ake horar da ita kan natsuwa sau biyar a rana ba ta buƙatar aron kowa kafin ta gane manufar. Abin da ya rage shi ne malamanmu su duba tsarin tare da likitoci, su kuma taya mu gyara fahimtar haƙuri, don haƙurin da ya kwantar da magidanci a tabarma wata shida bai taimaki iyalinsa ba.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta rashin ma'aikata da kuɗi. Ina masana halayyar ɗan'adam a Bungudu? Amsar tana kusa da mu. A ƙauyen Tsakuwa na Dawakin Kudu, Aminu Alhassan Ibrahim da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero sun gwada ilimantar da majinyata da Hausa tare da motsa jiki a kan mutum 120, sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna haɗin biyun ya fi ilimantarwa ita kaɗai. Sun kuma fassara ma'aunan nakasa da na tsoron ciwo zuwa Hausa. Ba tattara hankali suka gwada ba, amma sun tabbatar cewa ɗan ƙauye yana karɓar magani na baki idan an yi masa da harshensa, a asibitin garinsu, cikin rukuni.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da ta zaɓi asibitin matakin farko ɗaya a Gusau, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu, likitocin gashin ƙashi su horar da ma'aikatan wurin, a ware rukunin mata daban, a gudanar da zama takwas, a auna sakamako da waɗannan ma'aunai na Hausa, a kawo mana alƙaluman mu gani.