Layi uku a aljihu, rezo guda a ƙauye

 

Kafin in fara, kowa ya duba salularsa. Wa ke da layi guda tak? Ɗaga hannu mu gani. To kun gani, ba ku da yawa. Ni kaina uku gare ni: biyu cikin waya, na ukun na naɗe shi a takarda. Don haka duk ranar da kuka ji an ce masu salula sun ƙaru a Nijar, ku tuna layuka ake ƙirgawa. Ni an ƙirga ni sau uku. Innata da ke ƙauye a yankin Dakoro, sai ta taka zuwa wani tudu bayan gari kafin ta ji muryata.

Yayyenmu sun san zamanin Sonitel, lokacin da in kana son kira sai ka je telesantar ka bi sahu. Celtel ya shigo a 2001, ya koma Zain, ya koma Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov. Orange ya zo a 2008, ya sayar da hannunsa a 2019, shi ne Zamani na yau. A 2016 gwamnati ta haɗe Sonitel da SahelCom aka samu Niger Telecoms. Kamfani huɗu ke nan, kuma ba zan ce gasarsu ba ta yi rana ba. Layi ya yi arha. Mai albasa a Galmi yana jin farashin Abijan kafin ya loda mota. Wanda bai yi lakkol ba yana aika saƙon murya ta WhatsApp ba tare da ya roƙi kowa ya rubuta masa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a ina ake gasar? A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, inda mutane suka taru. Kafa eriya a ƙauye kuɗi ne: babu wutar lantarki, sai faifan rana ko injin gazuwal, ga mai gadi, ga hanya mara kyau, kuma masu sayen kiredin dala ashirin-ashirin suke saye. Kamfani ya yi lissafi ya ga ba riba, sai ya ƙara eriya a birni kusa da ta abokin hamayyarsa. A garin innata rezo guda ke kamawa. In ya yi tsada, shi ne. In ya ɗauke kwana uku, shi ne dai. Wace gasa ce a nan? Akwai asusun da kamfanonin ke zuba wa kuɗi domin kai sadarwa karkara. Haƙƙinmu ne mu san nawa ya shiga, kuma wane gari aka kai wa.

Mu na birni ma kada mu yi saurin murna. Watan jiya na sayi forfe na jika guda, na kwanta da megata, na tashi babu. Na kira lambar masu kula da abokan ciniki, aka ce in yi haƙuri. Na yi niyyar barin kamfanin, wallahi, sai na tuna lambar nan ita ke hannun kowa: dangi, masu ba ni aiki, har waɗanda nake bi bashi. Lambarka ita ce igiyar da aka ɗaure ka da ita. A Gana tun 2011, a Najeriya tun 2013, mutum yana iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa. Kamfanin da ya san kana iya tafiya, shi ke ɗaukar kukanka da daraja.

Sai maganar rijiyar da kowa ke ɗiba. Ba mu da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta take biyowa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun ji a jikinsu. Starlink da ya fara aiki a nan a 2025 ya ɗan girgiza kasuwa, kun ga yadda masu sayar da tikitin wifi suka yawaita a unguwanni. Sai dai kayansa sun fi ƙarfin aljihun talaka, kuma shi ma sai da wuta.

Ga abin da nake roƙo. Daga yau zuwa wata guda, kowa ya riƙa rubuta ranar da ya sayi forfe, nawa ya biya, mega nawa aka ba shi, da ranar da ta ƙare. Mai dangi a ƙauye ya tambayo mana wane rezo ke kamawa can, kuma a wane wuri. In mun tattara, sai mu kai wa hukumar ARCEP a rubuce, tunda ita doka ta ɗora wa sa ido kan kamfanonin.

Takarda na nan tana zagayawa, mai so ya sa sunansa da unguwarsu.