Ga 'Yan Bauchi Mazauna Kurmi: A Duba Waya Kafin A Aza Tubali

Maganata a yau ta shafi duk wanda ke neman abinci a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, yana aika kuɗi gida domin a gina masa ɗaki a Bauchi.

Da yawa daga cikinku kun sayi fuloti a Yelwa ko Fadaman Mada ba tare da kun taka wurin ba. Ɗan'uwa ne ya gani, ya yi ciniki, ya aiko da labari. To, akwai tambaya ɗaya da ba kasafai ake yi masa ba, watau ina babbar wayar lantarki ta bi? Doka ta keɓe wa kowace waya filinta, kuma ta haramta gini a cikinsa. Waya mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33, irin wadda ke ratsa unguwanni, filinta mita 11 ne, rabi dama rabi hagu. Mai kilobolt 132 mita 30 ne, mai 330 kuwa mita 50. Fulotin da ya faɗa cikin wannan fili, kome arharsa, tsada ne. Babbar waya ba sai an taɓa ta take kisa ba. Wutarta na iya tsallakawa zuwa kwanon rufi, ko rodin da magini ya ɗaga sama. In kuma iskar farkon damina ta tsinka ta, kan rufin da ke ƙasa za ta sauka. Haka ta faru a Kalaba cikin watan Afrilu na 2017, inda waya ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo, mutane suka hallaka suna tsakiyar kallo.

To, wa ke da alhakin tsare wannan doka? Dattawa har yanzu NEPA suke cewa, alhali kuwa NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta daɗe da shuɗewa. Tun 2013 kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke ba Bauchi wuta, tare da Filato da Gombe da Binuwai. A bisansa akwai hukumar NERC, wadda dokar 2005 ta haifar, mai ikon cin tarar kamfani in ya yi sakaci. Sai hukumar NEMSA, da dokarta ta fito a 2015. Ita ce ke da sufetoci masu duba taransifoma da mita da wayoyin cikin gida, ita ce kuma ke ba ma'aikacin lantarki takardar shaidar ƙwarewa. A ƙa'ida, sabon gida ba ya samun wuta sai mai irin wannan takarda ya sa hannu a kan aikin.

A takarda ke nan. A gari kuwa kowa ya san yadda ake yi: yaron da ya yi wata shida yana riƙe wa maigidansa tsani shi ake ba aikin gida guda, da siririyar waya mai arha, ba a ma binne ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa ba. A ganina, babban aibin hukumomin nan shi ne an fi jin ɗuriyarsu bayan an yi jana'iza. Sufeton da ba ya zagaya rumfunan kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, inda wayoyi ke saƙe kamar yanar gizo, aikinsa bai cika ba. Bugu da ƙari, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa tasu hukumar, saboda haka wannan magana ce da za ku iya ɗora wa wakilanku na Majalisar Jiha kai tsaye.

Batun gas ɗin girki kaɗan zan taɓa. Lasisin wurin ɗura gas yana hannun hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Amma ƙananan shagunan da ke juye gas daga tukunya zuwa tukunya, kusa da mai shayi ko mai walda, su ne abin tsoro. A irin wannan shago ne gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna a watan Janairu na 2020, har Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ya rasa ransa. Wanda ke shirin buɗe wa ƙanensa wannan sana'a a Bauchi, ya fara da neman lasisi da wuri mai iska, nesa da murhu.

Saboda haka kafin ku aika kuɗin siminti na gaba, ku sa a auna muku da tef daga fal-waya zuwa inda bango zai tsaya, a faɗa muku adadin. Mai aikin waya kuma ya nuna takardarsa ta NEMSA, a ɗauki hotonta a turo muku, sa'an nan a ba shi kafin alƙalami.